Abin da maɓallan esi da hita suke yi a bayan dasbod

Yawancin direbobin da na sani abu biyu kawai suke taɓawa a cikin maɓallan iska na mota: su danna wanda aka rubuta wa A/C, su murɗa fanka har ƙarshe. Sauran kuwa, mai hoton mota da kibiya ta lanƙwasa a cikinta, da mai hoton gilashi da kibiyoyi uku, da mai launin shuɗi da ja, suna nan yadda aka sayi motar da su. Abin yana damuna, domin biyu daga cikin waɗannan maɓallan sun shafi ko direba zai ga hanya sosai, da ko barci zai ɗauke shi a kan sitiyari. Fahimtarsu kuma ba ta da wuya in mutum ya san hanyar da iska take bi kafin ta taɓa fuskarsa.

Ka tsaya a gaban mota ka dubi gindin gilashin gaba, daidai inda hannun waifa yake kwanciya. Akwai wata baƙar roba mai ramuka a wurin. Ta nan iskar waje take shiga. Daga nan sai ta ratsa filta, ta faɗa cikin fanka, fanka ta tura ta cikin wani akwatin roba da ke ɓoye a bayan dasbod. A cikin akwatin nan akwai abubuwa biyu masu siffar ƙaramin lagireto. Na farko yana ɗaukar sanyi sosai in esi yana aiki, makanikai suna ce masa ifaporeta. Na biyu yana ɗaukar zafi, shi ne na hita. Tsakaninsu akwai wata ƙofar roba mai juyawa. Bayan su kuma akwai wasu ƙofofin da suke raba iska zuwa fuska, ko ƙafa, ko gilashi. Duk maɓallin da kake gani a gabanka, ko dai yana juya ɗaya daga cikin ƙofofin nan, ko yana ƙara wa fanka gudu, ko yana tayar da kwamfiresa, wato na'urar da take matse gas ɗin esi. Babu wani abu bayan wannan.

Kwamfiresa tana can cikin bonet, bel ɗin injin ne yake juya ta. In kana so ka ga aikinta da idonka, ka buɗe bonet, mota tana tsaye injin yana aiki, ka sa wani ya danna A/C. A motoci da yawa za ka ji wani ɗan ƙara, "ƙas", sai ka ga farantin da ke tsakiyar fulin kwamfiresa, wanda ɗazu yake tsaye, ya fara juyawa tare da bel. Maganaɗisu ne ya jawo shi. A lokaci guda muryar injin za ta ɗan sauya, domin an ɗora masa kaya, fankar gaba kuma ta tashi. Wasu sababbin motocin ba sa yin wannan ƙarar, saboda kwamfiresarsu kullum a juye take, sai dai ta ƙara ko ta rage yawan matsar da take yi.

Abin da take matsawa shi ne gas ɗin esi. Gas in aka matse shi zafi yake yi. Da zafinsa yake tafiya gaban mota, ya shiga kondensa, wato wancan siririn lagireton da ke gaban na injin. Iskar hanya da fanka su kwashe masa zafin, ya koma ruwa. Ruwan nan sai ya bi ta wata 'yar ƙaramar kafa, matsin da ke kansa ya faɗi nan take, ya shiga ifaporeta yana tafasa. Wannan ruwa ba ya buƙatar wuta kafin ya tafasa. Irin wanda ya fi yawa a motoci, R-134a, yana tafasa ne a wajen digiri 26 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas in babu matsi a kansa. Duk ruwan da zai zama tururi kuwa sai ya sha zafi daga wani wuri, shi kuma daga iskar da fanka take busawa yake sha. Iskar ta fito da sanyi, gas ɗin ya koma wa kwamfiresa ɗauke da zafin cikin mota, a sake zagayowa. Aikin esi ke nan: kwashe zafi daga ciki a zubar da shi a gaban bonet. Shi ya sa in kondensa ta toshe da ƙura da ƙwari, ko fankarta ta mutu, za ka ga esi yana sanyi a kan buɗaɗɗiyar hanya, amma da an shiga cunkoso sai ya koma busa ɗumi.

Maɓallin shuɗi da ja shi ne wanda aka fi yi wa mummunar fahimta. Mutane suna ɗauka cewa in sun murɗa shi tsakiya, sun rage wa esi ƙarfi ne. A yawancin motocin da ake saita su da hannu, ifaporeta tana nan a sanyinta, 'yan digiri kaɗan sama da sifili, ko ina ka ajiye maɓallin. Ba a barin ta ta sauka ƙasa da haka, don kada ruwan da ke jikinta ya daskare ya toshe hanyar iska. Abin da maɓallin yake motsawa shi ne ƙofar nan ta tsakiya. In yana ƙarshen shuɗi, ƙofar ta rufe hanyar hita gaba ɗaya, iska ta fito da sanyinta. In ka matsa shi, sai wani kaso na iskar da aka riga aka sanyaya ya bi ta cikin hita ya ɗumama, sannan ya gauraya da sauran. In ya kai ƙarshen ja, dukkan iskar ta hita take bi. A wasu motocin akwai famfo ma da yake rage ko ƙara ruwan zafin da ke shiga hita, amma manufar ɗaya ce. Da farko mutum zai ga kamar ɓarna ce a sanyaya iska sannan a ɗumama ta. Akwai dalili, kuma dalilin shi ne ya fi komai muhimmanci a wannan rubutun.

Ifaporeta ba sanyaya iska kaɗai take yi ba, busar da ita take yi. Ka zuba ruwan ƙanƙara a kofi ka ajiye, ba da jimawa ba za ka ga bayan kofin ya jiƙe. Laimar da ke cikin iska ce ta taɓa wuri mai sanyi ta koma ruwa. Haka laimar cikin mota take taruwa a jikin ifaporeta, ta gangara cikin wani ɗan tiyo, ta ɗiga ƙasa. Ruwan da kake gani a ƙarƙashin mota, wajen ƙafar fasinjan gaba, bayan an yi tafiya da esi, shi ne wannan. Fari ne tas, ba wari, kuma alamar lafiya ce. In ba ya ɗiga a waje amma kafet ɗin fasinja yana jiƙewa, tiyon ne ya toshe. Asali ma na'urar sanyaya iska ta zamani don laima aka ƙirƙiro ta. Willis Carrier ya tsara tasa a shekarar 1902 saboda wata maɗaba'a a Brooklyn ta ƙasar Amurka, inda laima take sa takarda ta kumbura, launuka su ƙi hawa daidai a kan juna.

To, ga inda wannan ya shafi rai. Ana ruwan sama, an rufe tagogi, mutum huɗu suna numfashi a ciki, wataƙila da jiƙaƙƙun kaya a jikinsu. Gilashi ya yi sanyi saboda ruwan da ke dukansa, laimar numfashi ta kwanta a kansa ta ciki, hanya ta fara dusashewa. Na taɓa zama a gefen ƙanwata tana tuƙi a irin wannan yanayin, hannu ɗaya a kan sitiyari, ɗaya tana goge gilashi da tsumma, ta sunkuyo gaba tana leƙe ta ɗan wurin da ta share. Na ce ta danna A/C. Ta ce, "Yaya, sanyi fa ake yi, yara za su kamu da mura." Na ce ta danna, sannan ta murɗa maɓallin zafi zuwa ja, ta mai da iska kan gilashi, ta kashe mai hoton kibiya a cikin mota. Wani ɗan fili ya buɗe a gindin gilashin, daidai bakin ramukan iska, ya riƙa hawa sama yana faɗi, har gilashin ya washe daga gefe zuwa gefe. Cikin motar kuma ya yi ɗumi. Abin da ya faru shi ne esi ya cire ruwan da ke cikin iskar, hita ta ɗumama ta, busasshiyar iska mai ɗumi kuwa tana da ƙishirwar laima, duk inda ta taɓa sai ta kwashe. Hita ita kaɗai tana iya share gilashi, amma a hankali, wani lokacin ma sai abin ya ƙara muni kafin ya gyaru. Goge gilashi da hannu kuma yana barin maiƙo, da dare fitilar motocin da ke tahowa ta watsu a kansa ta kashe ido.

Masu ƙera motoci sun san haka, shi ya sa a motoci da yawa da ka zaɓi hoton gilashin gaba, kwamfiresa take tashi da kanta ko fitilar A/C ba ta kama ba, ƙofar iskar waje kuma ta buɗe. Gilashin baya hanyarsa daban ce. Siraran layukan nan da ke kwance a jikinsa waya ce mai ɗaukar zafi da wutar batir, maɓallinta shi ne mai hoton gilashi mai kusurwa huɗu, kuma yawanci tana kashe kanta bayan wasu mintuna. A kula da layukan in ana goge gilashin ta ciki, ko ana ciccire sitika, domin in ɗaya ya yanke, wurin ba zai ƙara sharewa ba. Akwai kuma hazon da yake kwanciya ta waje: in ana laima da zafi, ka daɗe kana busa wa gilashin gaba iska mai sanyi ƙwarai, sai raɓa ta taru a bayansa. Wannan waifa ce maganinsa, sai kuma ka ɗauke iskar daga kan gilashin ka mai da ta fuska.

Ita hita ba ta da wata na'urar yin zafi ta kanta a motar fetur ko dizal. Injin yana zubar da mafi yawan ƙarfin man da ya ƙona a matsayin zafi, ruwan lagireto yana kwashe wani kaso, yana yawo a wajen digiri 90. Tiyo biyu ne suke ratsa bangon da ke tsakanin injin da ɗakin mota, ɗaya ya kai ruwan cikin hita, ɗaya ya dawo da shi. Don haka ɗumin hita kusan kyauta ne, fanka kawai ake biya. Don haka ne kuma in ka tayar da mota da sanyin safiya ka murɗa zuwa ja, iska mai sanyi za ka fara sha, sai injin ya ɗumama. Ƙure fanka a lokacin ba ya hanzarta komai. In an yi doguwar tafiya hita ba ta yi zafi ba, ko dai ruwan lagireto ya yi ƙasa, ko tamostat, wato ɗan famfon da ke daidaita zafin ruwan injin, ya maƙale a buɗe, ko hitar ta toshe, ko ƙofar tsakiya ta daina juyawa. In kuma ka ji wani wari mai zaƙi-zaƙi daga ramukan iska, gilashi yana yin wani hazo mai maiƙo da ba ya sharuwa, hitar ce take yoyo, kuma ruwan injinka ne yake raguwa. Kada a yi wasa da wannan.

Wata dabara da ta fito daga nan: in allurar zafin injin ta fara hawa a cikin cunkoso ko a kan tudu, ka kashe esi, ka murɗa zuwa ja, ka ƙure fanka, ka buɗe tagogi. Hita ta zama ƙarin lagireto ke nan. Za ka sha zafi, amma tana iya kai ka wurin da za ka tsaya lafiya. Tsayawar ita ce wajibi, kuma ba a buɗe murfin lagireto sai injin ya huce.

Maɓallin mai hoton mota da kibiya a ciki yana rufe ƙofar iskar waje, fanka ta koma jan iskar cikin ɗaki tana maimaita ta. Yana da amfani sosai. A tsananin zafi, sanyaya iskar da ta riga ta ɗan yi sanyi ya fi sauƙi a kan jawo sabuwa daga kan kwalta mai turiri, shi ya sa saitin MAX yake kunna shi da kansa. In kana bin bayan babbar mota mai hayaƙi, ko kana cikin ƙura, ko za ka ratsa rami mai tsawo, ka danna shi. Amma ina roƙon duk mai doguwar tafiya kada ya manta da shi a kunne. Mota cike da mutane, ƙofar waje a rufe na tsawon lokaci, iskar da ake fitarwa da numfashi tana taruwa, kai ya yi nauyi, hamma ta fara. Direba sai ya ɗauka gajiya ce kawai. A riƙa buɗe shi lokaci-lokaci, ko a ɗan sauke taga. A lokacin sanyi ko ruwan sama kuwa, barin sa a kunne ba tare da esi ba shi ne hanya mafi sauri ta rufe gilashi da hazo.

Motar da ta wuni a rana, iskar cikinta ta fi ta waje zafi nesa ba kusa ba. Kafin ka nemi esi ya yi aiki, ka sauke tagogi, ka kunna fanka a kan iskar waje, ka fara tafiya. Bayan ɗan lokaci ka ɗaga tagogi, sannan ka danna mai kibiyar. Kuma wannan zafin da kake ji in ka buɗe ƙofa, shi ne yake samun yaron da aka bari a ciki "na minti biyu". Ɗan buɗa taga ba ya hana shi, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Kada a bar yaro a mota a rufe, ko da an yi fakin a inuwa.

Motocin da suke da AUTO da lambobin digiri duk waɗannan ƙofofin suke da su, sai dai ƙananan injinan lantarki ne suke juya su bisa umarnin kwamfuta. Kwamfutar tana sauraren na'urori masu auna zafin ciki da na waje, da wani ɗan ƙwallo da ke saman dasbod kusa da gilashi mai auna ƙarfin rana. Kada a ɗora masa takarda ko hula. Lambar da ka zaɓa, misali 22, ita ce inda kake so ɗaki ya tsaya. In cikin mota ya kai digiri 45, ko ka sa 22 ko ka sa 18, na'urar da dukkan ƙarfinta za ta fara. Bambancin shi ne a 22 za ta lafa in an kai, a LO kuwa, wato ƙarshen saitin sanyi, ba za ta taɓa lafawa ba. Ni ina barin tawa a lamba ɗaya in ƙyale ta, kuma ina ganin hakan ya fi yawan murɗe-murɗe, musamman yanzu da wasu kamfanoni suka mai da maɓallan cikin allon taɓawa. Wannan sauyin ban yarda da shi ba. Maɓallin da ake murɗawa hannu yana gane shi ba tare da ido ya bar hanya ba, share gilashi kuma abu ne da ake buƙata a daidai lokacin da ido bai kamata ya bar hanya ba.

An daɗe kafin a kai ga wannan tsarin. Kamfanin Packard na Amurka ne ya fara sayar da mota da esi a 1939, na'urar ta cinye babban kaso na but, kuma mai son ya tsayar da kwamfiresa sai ya buɗe bonet ya cire bel. A 1954 kamfanin Nash ya haɗa hita da esi wuri guda a gaban mota, da maɓallai a dasbod, kamar yadda muke da su yau. Cadillac ya kawo mai saita kansa a 1964.

In iska ta rage ƙarfi alhali fanka tana ta ruri, kafin a zargi gas a duba filta. A motoci da yawa tana bayan akwatin ajiya na gaban fasinja. Ka matse gefunan akwatin ya sauko, za ka ga wani siririn murfi, ka zare shi, filtar ta fito kamar aljihun tebur. Wadda ta daɗe za ka same ta ta koma toka-toka, cike da ƙura da busassun ganye a tsakanin ninkinta. Akwai kibiya a gefenta mai nuna inda iska take bi, a sa sabuwar daidai da yadda tsohuwar take. In kuwa fanka ba ta aiki sai a lamba ta ƙarshe, yawanci wata 'yar na'ura ce mai rage mata wuta ta ƙone, ba fankar ba. Warin ruma da yake fitowa da an kunna esi daga jikin ifaporeta yake, saboda an bar ta a jiƙe cikin duhu. Kashe A/C a bar fanka tana busawa na 'yan mintuna kafin a isa inda za a je yana rage shi.

Maganar gas kuma, ba a ƙona shi kamar fetur. Zagaye yake yi a cikin rufaffiyar hanya. Yana iya raguwa kaɗan-kaɗan cikin shekaru ta jikin tiyo da robobin mahaɗa, amma motar da ake cika wa gas duk bayan 'yan watanni yoyo take yi, kuma cikawar ba gyara ba ce. Man da yake shafe kwamfiresa tare da gas ɗin yake yawo, don haka yoyon yana iya kashe ta. Saboda man nan ne ma ya kamata a riƙa kunna esi na ɗan lokaci ko a watannin sanyi, robobin su samu maiƙo kada su bushe. Sannan kowace mota da irin gas ɗinta da nauyin da za a zuba, an rubuta a wata sitika a cikin bonet. Tsofaffin motoci R-12 suke amfani da shi, wanda aka daina saboda yana lalata rufin ozon, wato iskar da ke can sama mai tare wa duniya hasken rana mai cutarwa, bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987. R-134a ya maye gurbinsa a farkon shekarun 1990. Shi ma an gano yana ɗumama duniya fiye da iskar kabon sau 1,400 da wani abu, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shi a sababbin motoci daga 2017, aka koma R-1234yf. Ba a gauraya su, kuma cikawa fiye da ƙima tana rage sanyi, ta ɗora wa kwamfiresa nauyi. Makanikin da ya auna nauyin abin da yake zubawa, ya nemo wurin yoyo kafin ya cika, shi nake kai wa mota.

Motar lantarki ta sauya lissafin hita. Ba ta da injin mai zubar da zafi mai yawa, don haka ɗumin ɗaki daga batir yake fitowa, kuma yana rage nisan da za ta iya zuwa. Wasu suna da hita mai aiki da wuta kai tsaye. Wasu kuma suna juya aikin esi ne, su kwaso zafi daga iskar waje su shigo da shi ciki, abin da ya fi tsimin wuta. Kwamfiresarsu ta lantarki ce, ba ta jiran bel, shi ya sa ake iya sanyaya ko ɗumama ɗakin tun motar tana jone da caji, kafin a fita. A irin wannan motar, kunna ɗumin kujera da na sitiyari a rage na ɗaki ya fi sauƙi ga batir, amma in gilashi ya yi hazo, busasshiyar iska mai ɗumi ɗin nan dai ita za a tura masa.